Neman Fata Domin Zanen Kwamfuta Mai Motsi

Ina so in yi ɗan bayani a kan wani sashe na aikin zane mai motsi, watau katun ɗin da ake yi da kwamfuta. Duk wanda ya taɓa gina wani abu cikin manhajar zane ya san yadda yake fara fitowa. In ka gina tulu za ka ga tulu sosai, da wuyansa da cikinsa, amma toka-toka ne, sumul kamar sabulu. Ba mai iya cewa na yumɓu ne, ko na ƙarfe, ko na roba. Siffa ta samu, saura fata. To, inda ake samo wannan fata shi ne batuna.

Masu wannan sana'a suna rarrabe abu biyu. Na ɗaya shi ne hoton da ake lulluɓa wa siffa, shi nake kira fata. Na biyu kuwa halin abin da haske: ko yana sheƙi kamar tasa, ko yana shanye haske kamar bangon laka, ko haske yana ratsa shi kamar kwalba. Dabarar lulluɓa hoto ba ta yau ba ce. Wani Ba'amurke, Edwin Catmull, ya bayyana ta cikin 1974 yana ɗalibi a Jami'ar Utah, kuma shi ne ya zo ya shugabanci kamfanin Pixar, masu fim ɗin Toy Story na 1995. Cikin 1978 Jim Blinn ya ƙara wata dabara ta yaudarar ido, wadda take sa abu mai santsi ya zama kamar mai tudu da kwari, alhali ba a taɓa siffarsa ba.

Kafin a lulluɓa fata sai an feɗe siffar tukuna, kamar yadda mahauci yake feɗe akuya, a baje ta a shimfiɗe, sa'an nan a ɗora hoton bisa. Mai wayo yakan tsaga ta wajen da mai kallo ba zai gani ba, kamar gindin tulu. Kuma fata ɗaya ba hoto ɗaya ba ce. Akwai hoton launi. Akwai na kaushi, wanda fari a cikinsa yake nufin kaushi, baƙi kuma santsi. Akwai wani shuɗi-shuɗi mai nuna tudu da kwari. Wanda ya ɗauki na launi kaɗai ya bar sauran, bangonsa zai fito kamar takarda aka manna.

Manhajar da nake aiki da ita Blender ce, kuma ina roƙon iyayenmu su lura da wannan: kyauta ce, ba a biyan ko kwabo, ba kuma ta sata ba ce. Wani mutumin Holan, Ton Roosendaal, shi ya ƙirƙiro ta, cikin 2002 kuma jama'a suka yi karo-karo na Yuro 100,000 aka fanshe ta don kowa ya amfana. Kada a raina ta don kyauta ce. Da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar ta zane mai motsi cikin 2025.

Hanya mafi sauƙi ta samun fata ita ce a sauko da ita daga intanet. Poly Haven da ambientCG rumbuna ne biyu da suke ba da fatunsu bisa ƙa'idar da ake kira CC0, watau ka ɗauka ka yi abin da ka ga dama, ko da sayar da aikinka za ka yi. Wannan ya bambanta da kwasar hoto duk inda ka gan shi, gama yawancin hotunan intanet suna da masu su, kuma ranar da fim ɗinka ya yi kasuwa ranar mai kaya zai tuna da kayansa. Sai dai a yi hattara da girma. Fatar da aka rubuta wa 1K tana da ɗigo 1,024 a tsaye da 1,024 a kwance, ta 4K kuwa 4,096 ce ta kowane ɓangare, ninki goma sha shida ke nan. Za ta cinye maka data, ta kuma sa tsohuwar kwamfuta ta riƙa nishi. Abin da yake can nesa cikin hoto 1K ta ishe shi. Akwai kuma kayan aiki na kuɗi, irin su Substance na kamfanin Adobe, amma ɗan makaranta bai kai nan ba tukuna.

Wata hanyar kuma ita ce kwamfuta ta saƙa fatar da kanta ta hanyar lissafi. Ken Perlin, wanda ya yi aiki a fim ɗin Tron na 1982, ya ga zanen kwamfuta ya cika tsabta, sai ya ƙago lissafin da yake ba da dabbare-dabbare irin na gajimare ko marmara, har aka ba shi lambar yabo a kansa cikin 1997. A Blender akwai irinsa, akwai kuma wani mai suna Voronoi wanda yake fitar da tsage-tsage kamar ƙasan tafki in ya ƙafe da rani. Masu gudun ajin lissafi su ji da kyau.

Amma ga inda gizo yake saƙa. In ka buɗe waɗancan rumbuna za ka tarar da jan bulo, da katakon ƙasashen sanyi, da dusar ƙanƙara, iri-iri har ka gaji. Nemi zana, ko asabari, ko tabarmar kaba, ko bangon da aka shafe da makuba, ko yadin da ya sha baba a karofin Ƙofar Mata, da wuya ka samu. Shi ya sa za ka ga yaro ya gina zaure na sosai, ya lulluɓe shi da bulon Ingila, abin ya fito bambaraƙwai. A ganina, wanda yake son ya yi fim a kan garinsu ba shi da wata hanya sai ya ɗauko fatar garinsu da hannunsa, kuma wayar hannu mai kyamara ta isa.

Ga yadda ake yi. Kada ka ɗauki hoto da rana tsaka, domin inuwa za ta zauna cikin hoton, in ka kunna fitilar cikin manhaja ta wani gefe sai inuwar biyu su yi ta faɗa. Jira ranar da hadari ya rufe rana, ko lokacin hunturu da hazo ya sauka. Hazon nan da yake sa mu tari, ga mai ɗaukar fata alheri ne. Tsaya daidai gaban bangon, kada ka karkata. Auna faɗin wurin da ka ɗauka ka rubuta, don kada ƙwayar tsakuwa ta fito kamar goriba. In bangon wani ne, yi sallama ka nemi izinin maigida, ka kuma gaya masa dalili, don ba kowa ne zai ga yaro yana ɗaukar katangarsa hoto hankalinsa ya kwanta ba.

Saura gyara. Hoto ɗaya ba ya rufe dogon bango, jera shi ake yi gefe da gefe, saboda haka dole bakin dama ya haɗu da na hagu ba tare da an ga ɗinki ba. A manhajar GIMP, ita ma kyauta ce, sai ka gusar da hoton rabi a tsaye rabi a kwance, ɗinkin ya dawo tsakiya inda kake ganinsa, ka bi shi kana shafewa da abin da yake kusa. In akwai wani tabo babba ka cire shi, in ba haka ba zai yi ta maimaita kansa a bango kamar tambari. Bangon laka yana da sauƙin gyara, don ba shi da layi. Tabarma ce mai wuya, gama sai kowane zaren kaba ya tarar da ɗan'uwansa a ɗaya gefen, saboda haka tun wajen yanke hoton ka ƙirga saƙar, ka yanka daidai inda adon ya koma farko.