An Ce Ka Yi Hasashen Wutar Baɗi? Ga Inda Za Ka Fara

Ƙanena, oga ya ɗora maka aiki: ka faɗa wa kamfani yawan wutar lantarkin da yankinku zai buƙata baɗi da shekarun da ke biye. Kada ka yi saurin buɗe Excel. Ko a KEDCO kake, mai kula da Kano da Katsina da Jigawa, ko a Kaduna Electric da ke riƙe da Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, matakan ɗaya ne.

1. Bambance wutar da aka sha da wadda ake buƙata. Nan masu hasashe suka fi zamewa. Najeriya tana da mutum sama da miliyan 200, amma wutar da ke hawa babban layin ƙasa galibi ba ta wuce megawat 4,000 zuwa 5,000, ita kamfanonin rarrabawa suke kasawa a tsakaninsu. Ka ga ke nan lissafin cinikin bara abin da aka samu aka raba kawai yake nuna maka. Mai ƙosan da ƙullunta ya ƙare da ƙarfe takwas ai ba masu saye ne suka ƙare ba.

Saboda haka ka nufi ɗakin da ake rubuta lodin kowace fida (layin da ke kai wuta wani yanki) awa-awa, ka kwafi abu biyu: awa nawa aka ba ta wuta, kuma lodi nawa ta ɗauka a lokacin.

Sai dai ka yi hattara. Fidar da ke samun awa 8 a rana, kada ka ninka lodinta sau uku ka ce buƙatar yini ke nan. Da an kawo wuta, yara sun yi ihun "NEPA!", sai uwar gida ta jona dutsen guga, maigida ya tada injin rijiyar burtsatse, firiza da cajin wayoyi duk su hau lokaci guda. Aikin yini ne aka cusa cikin awa 8. Nemi fidar Band A, wadda ƙa'idar hukumar NERC ta ce ta samu aƙalla awa 20, mai irin mutanen da ke kan waccan fida, ka auna da ita.

2. Ware watannin da aka yi tsautsayi. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan TCN, kamfanin da ke kula da babban layin ƙasa. In ka bar wannan wata cikin lissafi yadda yake, kwamfuta za ta ɗauka mutane ne suka rage sha. Yi masa alama, ka rubuta dalili a gefe.

3. Yi lissafi fida-fida. Masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai da rana suke jan wuta, unguwannin zama kuma daga magariba zuwa dare. Kasuwa tana rufewa lodinta ya faɗi. In ka haɗa su a tukunya ɗaya, jimlar za ta yi kyau a takarda, taransifoma kuma ta ƙone a unguwa.

4. Rataye kalanda biyu. Ta farko ta yanayi ce: daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, fanka da AC ba sa hutawa, damina ta sauko lodi ya ɗan sassauta, hunturu kuma hita ta fito da asuba. Duba hasashen yanayi da NiMet ke fitarwa farkon kowace shekara.

Ta biyu ta Musulunci ce, kuma manhajar da aka sayo daga waje ba ta san da ita ba sai ka koya mata. Azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara. A 2024 ya faɗo cikin Maris da Afrilu, masu ƙanƙara suna aiki dare da rana, ga lodin sahur da na buɗa-baki. Yanzu yana gangarowa wajen sanyi, don haka kada ka kwafi azumin bara ka manna wa na baɗi.

5. Sa ido kan farashi da sola. An cire tallafin fetur a Mayun 2023, tada janareto ya zama wahala. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin Band A zuwa naira 225 kowane yunit. Wasu sun dawo sun dogara da ku, masu hali da yawa sun ɗora sola a rufi. Ni a ganina gidan mai sola ya fi wuyar hasashe: da rana ba ka ganinsa, dare ya yi batir ya sauka sai ya dawo kan layinku.

6. Fita daga ofis. Sabuwar unguwar da aka yanka filaye, injin casar shinkafa da ake kafawa, asibitin da ake faɗaɗawa, babu ɗayansu a tarihin ciniki. Zauna da manajan kowane yanki, ka leƙa fayil ɗin masu neman sabon haɗi, ka kira manyan kwastomomi goma ka tambaye su shirinsu na baɗi.

7. Kai wa oga lamba uku: ta ƙasa, ta tsakiya, ta sama, kowace da sharaɗinta a layi ɗaya. Ka kuma raba ƙololuwar lodi a megawat, wadda injiniyoyi ke buƙata don sayen taransifoma, da jimlar yunit, wadda 'yan sashen kuɗi ke jira. Ƙarshen kowane wata ka gwada hasashenka da abin da ya faru, ka gyara.

Gobe da safe zaɓi fida biyu kacal, ɗaya ta masana'antu, ɗaya ta unguwa, ka karɓo lodinsu na wata 12. Da su za ka fara.