Amsar Tambaya: Na'urar Sauraro da Manhajar Rockbox

Wani malamin makarantar allo daga Wushishi ya rubuto cewa ɗansa ya kawo masa tsohuwar na'urar sauraro Sansa Clip+ daga Minna, an kuma ba shi shawarar sa mata Rockbox, yana tambaya ko akwai fa'ida.

Allah ya gafarta Malam, akwai fa'ida, kuma babba. Ita Rockbox, wadda wasu masana uku na ƙasar Suwidin suka fara a 2001, manhaja ce da aka bar asalin rubutunta a buɗe, tamkar waƙafi, ta yadda kowa ke da izinin ɗauka da gyarawa ba tare da biyan ko kwabo ba. Abin da ya fi burge ni game da ita, musamman ga mai sauraron tafsiri mai tsawon sa'a biyu, wanda kiran salla ko zuwan baƙo kan katse masa, shi ne tana riƙe daidai inda aka tsaya, tana iya rage saurin ƙira'a ba tare da muryar alaramma ta jirkice ba, sannan takan maimaita aya guda har almajiri ya hardace.

Amma a yi hattara. Kafin a taɓa komai, a kwafe dukan karatun da ke cikin na'urar zuwa kwamfuta, a cika batir, sa'an nan wanda ya iya ya sa mata Rockbox ta hanyar manhajar Rockbox Utility, kada kuwa a zare wayar da ta haɗa na'urar da kwamfuta kafin aikin ya kammala.