Kiwon Malam-Buɗe-Littafi a Gida

'Yan'uwana ɗalibai, wasu na kiwon tantabara, ni kuwa malam-buɗe-littafi nake kiwo, wato mai ruwan goron nan da ke yin ƙwai a jikin tumfafiya. Nakan tsinko ganye tare da tsutsarsa, in sa a kwalba, in rufe bakin da gidan sauro. Kowace safiya sai an ba ta sabon ganye, in ba haka ba ta mutu. Bayan kamar mako 2 takan rataye kanta cikin kwanso. Kwana 7 zuwa 10 sai ga malam ya fito. Da fikafikansa sun bushe nakan sake shi. Dafin tumfafiyar da ya ci ne ke hana tsuntsaye cinsa. Amma a lura, nonon tumfafiya yana lahanta ido, saboda haka wanke hannu wajibi ne.