An haife ta a Inugu, ta girma a Jaji, takardarta ta ce Zuru

Duk shekara idan lokacin rajistar JAMB ya kama, ofishina yakan cika da ɗaliban ajin ƙarshe. Ni malamar ba da shawara ce a wata makarantar sakandare da ke cikin barikin soja. Wasu zaɓen jami'a ne yake kawo su, amma da yawa gurbi biyu ne kawai a fom ɗin suke tsayar da su: jihar asali da ƙaramar hukuma. Ɗan gari yakan cike su ko kai bai ɗaga ba. Ɗan soja kuwa sai ka ji ya ce, "Malama, a ara mini waya in tambayi Baba."

Akwai wata yarinya da aka haifa a barikin Abakpa da ke Inugu. Ta fara firamare a Odogbo ta Ibadan, ta ƙarasa a Jaji, sannan ta zo hannunmu. Takardarta ta ce 'yar Zuru ce. Tana jin Hausa, tana zuba buroka kamar a bakinta aka ƙirƙiro shi, tana ciniki da Yarbanci, amma a harshen kakanninta gaisuwa kaɗai ta iya. Zuwanta Zuru ɗaya ne, lokacin rasuwar kakarta, kuma abin da ta riƙe daga tafiyar shi ne yadda 'yan uwa suka riƙa kiran su baƙi. Na tambaye ta inda take kira gida. Ta yi dariya ta ce, "Duk inda Mama ta sauke tukwanenta."

Irinta suna da yawa, domin haka aikin yake. Rundunar sojan ƙasa ta Najeriya tana da manyan hedikwatocinta a Kaduna, Ibadan, Jos, Legas da Inugu, sannan aka ƙara ta Maiduguri a 2013 saboda yaƙin Boko Haram, daga baya aka buɗe ta Fatakwal da ta Sakkwato. Siginar canjin wurin aiki na iya fitowa a tsakiyar zangon karatu, ba ruwanta da jarrabawar yaro. Wani lokaci iyali su kwashe gaba ɗaya. Wani lokaci, musamman idan bakin daga aka tura maigidan, a bar uwa da yara a tsohon bariki, a gidan da kowa ya san na aro ne.

Kuskuren da mutanen gari suke yi shi ne ɗaukar yaran nan a matsayin marasa tushe. Duk wanda ya zauna a bariki ya san gari ne sosai. Yana da masallaci da coci, sau da yawa suna kallon juna. Yana da kasuwar mami, inda ake samun komai daga gasasshen kifi zuwa telan da ke ɗinka kaki. Yana da magajiya mai sasanta rigimar mata a layi, da samanja wanda ko yaron da bai shiga makaranta ba ya san muryarsa. Duk shekara ana bikin WASA, kowace ƙabila ta fito da rawarta, ka ga ɗan Bahaushe cikin 'yan rawar Tibi ba wanda ya ɗaga gira. Hausar da ɗan Kalaba yake ji a bariki ma gado ce, tun zamanin Turawa da ita ake yi wa kurtu magana. Yaron da ya bar Bukavu a Kano ya sauka Ikeja zai tarar da bigila iri ɗaya da asuba, layi iri ɗaya, doka iri ɗaya. Wannan ne garinsa, kuma ban ga dalilin da za a sa shi jin kunyarsa ba.

Matsalar ita ce garin nan ba ya ba da takardar shaidar asali, kuma ba a gadonsa.

Tsarin mulkin 1999 ya tanadi rabon muƙamai da guraben gwamnati bisa daidaito tsakanin jihohi, kuma wajen fayyace wanda yake ɗan jiha ya duba al'ummar da iyaye ko kakanni suka fito. Inda aka yanke wa mutum cibiya bai shiga lissafin ba. Ƙananan hukumomi 774 ne suke ba da takardar indijin, kuma yawanci sai mai unguwa ko dagaci ko hakimi ya shaida ya san gidanku. Da ita ake neman tallafin karatu na jiha, da ita ake neman aikin gwamnatin tarayya, har shiga sojan kansa ana tambayarta. A jami'o'in tarayya kashi 45 cikin ɗari na gurabe ne ake bayarwa bisa maki zalla, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilimi. Wato yarinyar nan da ta girma a Jaji, a fom 'yar Kebbi ce, ko ta san hanyar Zuru ko ba ta sani ba. Ni dai a ganina tsarin yana cutar da yaran da iyayensu suka yi wa ƙasa hidima a ko'ina, amma kafin a gyara shi, da shi za a auna 'ya'yanmu.

Ranar da abin yake fashewa kuwa ɗayan biyu ce: ritaya ko rasuwa. Soja ya cika shekara 35 yana aiki, ya miƙa makullin gidan gwamnati, ya loda akwatunan ƙarfe a mota zuwa ƙauyen da shi yake mafarkinsa, yaransa kuma ba su san kowa ba. Shi ya koma gida, su an raba su da nasu. Ta rasuwar ta fi ciwo. Wata baiwar Allah da mijinta ya kwanta dama a Arewa maso Gabas ta zo mini da babban ɗanta kan maganar tallafin karatu. Ta riga ta je garin mijin neman takarda. Ta ce mini, "Malama, dagacin ya ce ya san kakansa, ya san ubansa, amma shi yaron bai taɓa sa shi a ido ba. Sai da na nemo baffansa daga wani gari ya zo ya tsaya masa." An samu takardar, amma bayan wa'adin ya wuce, kuma a daidai lokacin da ake jiran ta tashi daga gidan bariki.

Shi ya sa idan iyaye suka zo taro nake roƙonsu abu kaɗan. A karɓa wa kowane yaro takardar asalinsa tun yana firamare, uban yana raye yana da ƙarfinsa, a haɗa ta da takardar haihuwa a ajiye inda uwar ta sani. A tabbata sunan da ke jikinsu ɗaya ne da na makaranta, harafi da harafi. Sannan a kai yara gida. Zumunci a ƙafa yake, kuma hutun soja ba ya da yawa, na sani, kuɗin mota ma ba wasa ba ne. To ko uban bai samu zuwa ba, a tura yaro ya yi dogon hutu wajen gwaggo ko kawu, ya je gona, ya gai da dagaci, a san fuskarsa. Harshe kuma a cikin ɗaki ake riƙe shi. Uwar da ke yi wa ɗanta faɗa da harshenta ta yi rabin aikin.

Ga makaranta kuma akwai abin da ake yawan mantawa ranar tashi. Yaron da ya yi shekara biyu yana karanta Yarbanci a Ibadan zai zo Sakkwato ya tarar Hausa ake koyarwa. Hukumar WAEC tana buƙatar makin gwajin aji na shekarun babbar sakandare, don haka a karɓi cikakken sakamakon yaro da hatimin makaranta kafin a loda kaya. Idan ya shiga ajin ƙarshe, gara a nemi amintaccen maƙwabci ya riƙe shi ya ƙarasa a inda yake.

Mu malamai kuma mu lura da yaron da ya daina yin aboki. Bayan tashi na uku ko na huɗu wasu sukan yanke wa kansu cewa shaƙuwa asara ce, tunda sigina na nan tafe. Ba ya rigima, makinsa ba ya faɗuwa, saboda haka ba wanda ke kawo ƙararsa. Irin wannan nakan haɗa shi da sabon zuwa, in ce ya zagaya da shi makaranta, ya nuna masa layin da ake samun ruwa da rumfar da ƙosanta ya fi daɗi a mami. Nakan kuma tambayi uwarsa ko tana da lambar iyayen abokansa na tsohon bariki. Yawanci tana da ita, ba a dai taɓa tunanin miƙa wa yaron wayar ba.