Yadda ake koyon wakilin suna a harshen Hindi

Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya sha jin kalmomin wakilin suna na Hindi. Abin da ya rage masa shi ne ya san muhallin kowace.

Fara da kanka. "Main" shi ne ni, harafin n ɗin ta hanci yake fita. "Ham" kuma mu, kodayake a Bihar mutum ɗaya ma yakan kira kansa da shi.

Sai wanda kake magana da shi, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa. Hindi ba ruwansa da bambancin kai da ke. Girma da kusanci yake dubawa, hawa uku. "Tu" na ƙaramin yaro ne da aminin ƙut-da-ƙut, da shi kuma ake roƙon Allah, amma ka faɗa wa baƙo ka ci masa fuska. "Tum" na abokai da ƙanne. "Aap" na iyaye, malamai da duk wanda ba ka saba da shi ba, kuma aikatau na jam'i yake ɗauka, kamar yadda muke ce wa dattijo "kun tashi lafiya?" Shawarata ga mai koyo: ka riƙe "aap", ka ajiye "tu" tukuna.

Na uku, shi da ita. Su ma babu su. Nisa ake aunawa: "ye" ga na kusa, "wo" ga na nesa, mace ko namiji. A littafi za ka ga "yah" da "wah", a baki ba kasafai ake faɗin su haka ba. To ina jinsin ya tafi? Yana jikin aikatau: namiji ya ce "main jata hun", mace ta ce "main jati hun", duka ina tafiya.

Mallaka ba za ta wahalar da Bahaushe ba, domin mai cewa doki nawa, riga tawa, ya riga ya san dokar: jinsin abin da aka mallaka ake bi. "Mera bhai" ɗan'uwana, "meri bahan" 'yar'uwata.

Daga ƙarshe ka koyi sauyin siffa: "wo" yakan koma "us" kafin ɗafi irin "ko" da "se", sai a ce "usko", wato gare shi. Kada ka taɓa wannan mataki sai huɗun farko sun zauna a bakinka.