Amanar Daftari da Makulli: Dalilin da Ya Sa Muke Neman Takardar Likita

Ina so in yi wa 'yan'uwana mutanen Kwarbai da sauran unguwannin birnin Zazzau bayani a kan wani al'amari da ya daɗe yana haddasa saɓani tsakaninmu, mu masu sana'ar harhaɗa magunguna, da jama'ar da ke zuwa wurinmu, wato batun magungunan da hukuma ta ƙayyade, irin su mofin da fetidin da allurar penta da tiramol da diyazefam, waɗanda ba a bayar da su sai da takardar likita, kuma ba a fitar da ko ƙwaya ɗaya sai an rubuta inda ta tafi.

Wani dare bayan sallar isha'i, wani dattijo, aminin marigayi mahaifina, ya shigo shagona riƙe da takardar da aka rubuta wa maiɗakinsa, wadda ciwon daji ya hana ta barci. Da na duba sai na ga likitan, saboda gaggawa, bai sa kwanan wata ba, bai kuma faɗi adadin ƙwayoyin ba. Na ce, "Baba, ku gafarce ni, ku ɗan zauna, takardar nan ba ta cika ba." Ya dube ni ransa a ɓace ya ce, "Haba ɗana, ni za ka tsare da takarda, alhali tun kana goye na san ka?" Wallahi maganar ta yi mini nauyi, amma na shimfiɗa masa tabarma, na aiki yaron shago a kan babur ya iske likitan ya cika abin da ya rage, kafin ƙarfe goma magani ya isa gida. Tun daga wannan dare na ƙudura cewa wajibi ne in bayyana hujjarmu a fili, domin kada mutane su ɗauki ƙa'ida a matsayin wulaƙanci.

Wannan doka ba jiya aka kafa ta ba, gama tun 1935, zamanin Turawa, aka yi dokar magunguna masu haɗari a ƙasar nan, sa'an nan a 1961 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda a cikin sharuɗɗanta aka wajabta ajiye bayanan shigi da ficin irin waɗannan magunguna har tsawon shekara 2 a ƙalla. A yau hukumomi uku ne ke sa ido a kanmu: NDLEA da aka kafa a 1989, da NAFDAC da aka kafa a 1993, da majalisar da ke ba mu lasisi, PCN, wadda aka sabunta dokarta a 2022.

Takardar likita ba ta inganta sai ta ƙunshi sunan majinyaci da adireshinsa, da sunan magani da ƙarfinsa da adadinsa da yadda za a sha, da kwanan wata, da sunan likita da sa hannunsa. Idan ta cika, sai in buɗe kabad mai makulli, wanda mabuɗinsa ba ya barin aljihuna, in ƙirga, sa'an nan in ɗauko daftari ɗinkakke wanda ba a cire masa shafi, inda kowane magani yake da nasa babi, in rubuta wanda aka ba, da wanda ya rubuta, da abin da ya fita, da abin da ya saura. In alƙalami ya yi kuskure ba a gogewa, sai a yi gyara a gefe a sa kwanan wata, domin ranar da masu bincike suka zo, tilas ne abin da ke kabad ya dace da abin da ke daftari. Duk almajirin da ya san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi, ba zai yi mamakin a rubuta abin da zai iya gusar da hankalin ɗan Adam ba, tun da yake malamai sun lissafa kiyaye hankali cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su.

Mun kuwa ga abin da sakaci ya haifar. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramol suka sha ba bisa ƙa'ida ba. A watan Mayu na 2018 sai da gwamnatin tarayya ta haramta yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan da ya riga ya shiga ɗakunan matasa har da na matan aure. Kwalabe da yawa na wannan magani sun bi ta hannun wani wanda aka ba amana bai rubuta ba.

Saboda haka nake roƙon 'yan'uwa abubuwa kaɗan. Kafin ku baro wurin likita ku duba takardarku ko ta cika. Kada ku nemi irin waɗannan magunguna a ƙananan kemis na cikin lungu, domin lasisinsu bai kai nan ba. Tiramol da ya wuce miligiram 100, kamar mai 225 da ake sayarwa a ɓoye, ba na asibiti ba ne. In majinyaci ya warke ko ya riga mu gidan gaskiya, ku maido mana ragowar, kada a bar ta a ƙarƙashin matashin kai inda yara ke kai hannu, kada kuma a ba maƙwabci da sunan taimako. Ga abokan sana'ata kuwa, kada tsoron bincike ya sa mu hana mai ciwon gaske maganinsa, gama wannan ma zalunci ne, kuma daftarin da aka kiyaye shi ne ke ba mu ikon bayarwa da kwanciyar rai.

Dattijon nan, bayan Allah Ya karɓi ran maiɗakinsa, da kansa ya dawo mini da ƙwayoyi shida a ƙulle cikin leda, ya tsaya har na rubuta su a gabansa. Allah Ya jiƙanta, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya shiryi matasanmu, Ya kuma sa mu cika da amana. Amin.