Kyanwa Mai Jinin Daji

Yara, kowa a cikinku ya san kyanwa. Tana kwana tare da mu, tana tsare mana rumbu daga ɓarnar ɓera. To, yau za mu karanta labarin wata irin kyanwa dabam, wadda kakanta ɗan daji ne.

A cikin dazuzzukan Afirka, har da na Nijeriya, akwai wata kyanwar daji wadda Turawa ke kira sabal. Tana da dogayen ƙafafu da manyan kunnuwa, jikinta kuwa rawaya-rawaya ne da ɗigon baƙi kamar na damisa. Takan zauna cikin ciyawa kusa da fadama, tana cin ɓeraye da tsuntsaye da kwaɗi. In tsuntsu ya tashi a gabanta, takan yi tsalle fiye da mita 2 ta cafke shi. Babban namiji yakan kai nauyin kilo 18, alhali kyanwar gida ba ta cika wuce kilo 5 ba.

A shekarar 1986, a ƙasar Amurka, wata mata ta haɗa namijin sabal da kyanwar gida. Kyanwar ta haifi 'ya mace, aka raɗa mata suna Sabana, watau sunan da Turawa ke kiran fili mai ciyawa. Daga nan sunan ya bi dukan irin.

Samun wannan iri yana da wuya. Cikin sabal yakan yi wajen kwana 74, na kyanwar gida kuwa wajen kwana 65, saboda haka sau da yawa akan haifi 'ya'yan ba su ƙosa ba. Har wa yau, mazan da aka fara samu ba su haihuwa, kamar yadda alfadari, ɗan jaki da goɗiya, ba ya haihuwa. Don haka sai a riƙa haɗa matan da muzurun gida. Da haka jinin daji ke raguwa daga 'ya'ya zuwa jikoki.

Kyanwar Sabana kyakkyawa ce ƙwarai, ga tsawo, ga wayo. Takan bi ubangidanta kamar kare, har akan sa mata igiya a fita yawo da ita. Da yawa daga cikinsu suna son wasa da ruwa. Amma fa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan kyanwa ta gaji tsalle da son farauta wajen kakanta. In aka tsare ta a ƙaramin ɗaki, ba wurin hawa, ba abokin wasa, sai ta shiga ɓarna. In kuwa ta kuɓuce, tsuntsaye da ƙananan dabbobi sun shiga uku. Tsoron haka ne ya sa gwamnatin Ostareliya ta hana shigar da ita ƙasarta a shekarar 2008.

To, yara, ku lura. Kyan dabba kaɗai bai isa ya sa mutum ya ajiye ta ba. Wanda zai yi kiwo, ya fara sanin halin abin da zai kiwata, sa'an nan ya duba ko yana da ikon ba shi abinci da fili da kulawa. Wanda ya ɗauko dabba ya kasa riƙe ta, alhakinta yana wuyansa. Sabal kuwa a bar ta a daji, can ne gidanta.

Tambayoyi

1. Ina sabal take zama, me kuma take ci?
2. A wace shekara aka haifi kyanwar Sabana ta farko?
3. Ta yaya mazan wannan iri suka yi kama da alfadari?
4. Don me Ostareliya ta hana shigar da ita?